Soron Inna da Garejin da Babu Mota

Nasiru, na ga takardar da ka ajiye min a kan tabarma ka sulale. Na duba ta da kyau. Ido ya yi rauni, amma wanda ya yi shekara talatin da ɗoriya yana zanen gine-gine a ma'aikata ba a ɓoye masa magana a takardar gini. Zanenka ya yi kyau: shaguna huɗu suna kallon titi, bene a sama, har da ɗakin janareta. Sai dai na nemi soron ƙasar da nake kwana a ciki ban gan shi ba, sai wani layi mai ɗigo-ɗigo a wurinsa, kuma na san ma'anar wannan layin tun kafin a haife ka. Abin da za a rushe ke nan. Ban yi fushi ba. Na daɗe da sanin kai da ƙannenka kuna jin kunyar ɗakin nan in baƙinku sun zo, wasunku sun ɗauka rashi ne ya sa aka gina shi, wasu kuma sun ɗauka taurin kan tsufa ne ya hana a taɓa shi. Duk ba haka ba ne. Shi ya sa na ce bari in rubuta muku yadda aka yi, ku karanta ku duka, sannan a yi maganar shaguna.

Shekarar da aka haife ka ce, shekarar da soja suka fara mayar wa farar hula mulki. Gyadi-Gyadin da kuka sani yanzu ba ita ba ce ta lokacin. Daga ƙofar gidan nan kana hango gonakin dawa har wajen Tarauni, gidajen kuwa ɗaya nan ɗaya can. Ni a lokacin kaina ya cika da ofis. Ina da babur, ina da biro uku a aljihu, kuma a wurinmu 'yan zane in ka ce ginin ƙasa to ka ce ci baya. 'Yan siyasa ma da suke yawo a bayan motoci da lasifika abin da suke ta yi wa jama'a alkawari ke nan, kowa zai samu gidan bulo da rufin kwano. Da na samu filin nan shekara biyu kafin nan sai na ce to, ni zan nuna wa unguwa yadda ake gidan zamani. Akwai wata ƙatuwar darbejiya a tsakiyar filin, inuwarta ta isa mutum ashirin. Na duba zanena ban ga bishiya a ciki ba, don haka na sa aka sare ta. Na malale tsakar gida da siminti daga bango zuwa bango, na sa manyan tagogin gilashi suna kallon yamma saboda su ne ke kallon titi, na kuma gina gareji a gefen ƙofa. Ku lura, ba ni da mota. Sa ranta kawai nake yi, amma na riga na gina mata ɗaki da ƙofar ƙarfe, babur yana kwana a ciki shi kaɗai kamar sabon ango.

A ƙarshen daminar da ta gabaci shekarar ne Allah Ya yi wa kakanku rasuwa a ƙauyenmu can ƙasar Rano. Bayan Inna ta fita takaba na je na ɗauko ta, domin babu wanda ya rage a gidan, ƙannena mata duk suna gidajen mazajensu a nesa, ga ciwon ƙafa da ya fara kama ta. Na ware mata ɗaki mafi kyau, mai gilashi da fanka. Amma dole in gaya muku wani abu game da ni da Inna, don ku 'yan yanzu ba ku san shi ba. Ni ne ɗanta na fari. A tarbiyyar da aka yi mata, uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta kallonsa ido da ido, ba ta yi masa magana kai tsaye. Tun da na yi wayo ban taɓa jin Inna ta ce min "kai" ba. In na durƙusa na gaishe ta sai ta amsa tana kallon bango. In tana da saƙo sai ta ba Ummanku Hajara, ko da kuwa ina tsaye a wurin, kuma sunana a bakinta shi ne "mutumin ofis". Ba ƙiyayya ba ce, alkunya ce, na sani. Amma ina faɗa muku gaskiya, tun ina yaro abin yana min ciwo a wani lungu na zuciyata, ban taɓa gaya wa kowa ba sai yau.

Ta zo da kayanta a ƙunshe cikin wani baƙin zane na saƙi, ta ajiye ƙunshin a bakin ƙofar ɗakin daga ciki. Wata ɗaya, wata biyu, ba ta kwance shi ba. Kayan sawarta biyu ne a waje, ta wanke wannan ta sa wancan. Kullum da safe zan tambaye ta ko akwai abin da take so, ta ce wa bango, "Alhamdu lillahi." Ni kuma in hau babur in tafi ina murna, wai tsohuwa tana jin daɗin birni. Ban san shiru ma magana ce ba.

Sai bazara ta shigo. Ni ban san abin da gidana yake zama da rana ba, domin ina ofis ƙarƙashin fanka daga safe har la'asar. Maƙwabcinmu Malam Yohanna ne ya buɗe min ido. Malamin makaranta ne, mutumin kudancin Zariya, inda yanzu kuke cewa Kudancin Kaduna, kuma shi da ya gina nasa gidan bai sare mangwaron da ya tarar ba, gidan ya kewaya da ita. Wata ranar Asabar ina goge babur ya zo ya tsaya a kaina yana murmushi.

"Malam, na zo ne in ji ko za ka bar mana tsohuwa gaba ɗaya, mu san mun yi uwa."

"Wace tsohuwa?"

"Taka mana. Kullum kana fita ita ma tana fitowa. A gindin mangwarona take wuni, ita da matata Maman Ladi suna ɓarar gyaɗa. Har tsohuwa ta koya mata kaɗi. Mu dai muna so, wallahi, amma na ga ba ka sani ba."

Na shiga gida na tambayi Ummanku, ita kuma a lokacin tana da cikinka, ta yi nauyi. Sai ta kama hannuna ta kai ni ɗakin Inna ta ce in tsaya a ciki. Bayan azahar ne, babu wuta, fanka ta yi tsit. Kwano yana zubo zafi daga sama, gilashi yana shigo da rana daga gefe, simintin tsakar gida kuma yana mayar da nasa. Ban yi minti biyar ba rigata ta jiƙe. Ummanku tana bakin ƙofa tana fifita da faifai.

"Ka ji ko? A nan kake cewa tana jin daɗi. Ni ma don dai aure ne. Kuma ta ce in gaya maka, tun makon jiya nake neman ta inda zan fara: da an yi suna za ta koma gida."

"Gida wajen wa? Wa zai ɗebo mata ruwa?"

"Ta ce gara ƙishirwa a inuwa."

Maganar nan ta buge ni. Na san Inna, ba ta faɗar abu sau biyu. Na kuma san in ta koma ƙauye ita kaɗai da wannan ƙafar, to sai dai in riƙa zuwa gaisuwa, wata rana kuma a aiko min. Na ce zan sa mata sili mai kauri, zan sayo wata fankar. Ummanku ta kai saƙo ta dawo da amsa: ta gode, amma ita ba ta saba kwana a cikin gwangwani ba, ɗan adam daga ƙasa aka yi shi, a ƙasa yake samun barci. Na kewaya gidan ina neman inda za a yi ɗakin ƙasa, na tarar ni da kaina na cinye filin da siminti. Wuri ɗaya ne ya rage, garejin nan. Kwana uku ina kai-kawo a kansa, domin garejin shi ne abin da nake fara nuna wa duk abokin aikin da ya zo. A rana ta huɗu na fitar da babur na jingine shi a zaure, na sa aka rushe.

Malam Yohanna ne ya haɗa ni da Baba Gambo, wani tsohon magini a Ƙauyen Alu. Gajere ne, ƙafafunsa duk faso, bakinsa kuma ba ya raga wa kowa. Na zauna na yi masa zane mai kyau da ma'auni da komai, na miƙa masa. Ya karɓa da hannu biyu, ya juya shi sama ya juya shi ƙasa, sannan ya naɗe ya sa a hula.

"Yallaɓai, zai yi amfani, rana tana da zafi. Yanzu nuna min ta inda iska take zuwa muku da yamma."

Ban sani ba. Shekarata biyu a gidan, na san tsawon kowane bango har inci, amma ban san ta inda iska take shigowa ba. Ya tsaya ya ɗebi ƙasa ya sake ta, ya kalli inda ta nufa, ya kalli inda inuwar mangwaron Malam Yohanna take faɗowa ta kan katanga, sai ya ja layi da dunduniyarsa. Zanensa ke nan. Aka kawo jar ƙasa a kan jakuna, aka kwaɓa da ciyawa aka bar ta ta kwana biyu, aka yi tubali aka shanya a ƙofar gida. Duk unguwa aka fito kallo, ana cewa mai zanen gwamnati ya rushe bulo yana gina taɓo. Bangon da ya ɗora kaurinsa a ƙasa ya kai tsawon hannuna, yana sirancewa yana hawa. Tagogi biyu ya yi, 'yan ƙanana, can sama, ɗaya tana kallon ɗaya. Na ce sun yi ƙanƙanta, ya ce taga ta iska ce ba ta kallon titi ba, mai son kallon titi ya fita waje. Ya jera azara, ya rufe da ƙasa, ya sa indararo biyu na zubar da ruwa. Abin da ya fi faranta min shi ne Inna ta daina zuwa gindin mangwaro. Kujera take sawa a gefe ta wuni tana kallon aikin, wani lokaci har ta ce wa Baba Gambo kwaɓin nan ya yi ruwa, shi kuma ya ce ranki ya daɗe gaskiyarki.

Da a nan na tsaya da labarin ya ƙare lafiya. Amma labari ya kai ofis. Na shiga wata safiya na tarar an ajiye min curin laka a kan teburin zane, an rubuta a takarda wai samfurin kayan aikina ne. Daga ranar sunana ya koma Injiniyan Taɓo. Na yi dariya tare da su, amma abin ya ci ni. Ga shi haihuwa ta matso, na san ranar suna duk ofis za su zo har da shugabanmu, kuma abin da za su fara gani a ƙofar gida shi ne soron nan ja wur. Saura yaɓe kawai, Baba Gambo ya ce a bar bango ya gama shan iska sannan a yi masa na makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa da ake kwaɓawa da ƙasa don ruwan sama ya riƙa zamewa. Ni kuwa na ce siminti za a shafa, ciki da waje, a bi da farin fenti, yadda duk wanda ya gani zai ɗauka bulo ne.

"Yallaɓai, ƙasa numfashi take yi," in ji shi. "Ta sha ruwa ta fitar. In ka sa mata siminti ka toshe mata hanci. Kuma ba sa riƙe juna, aure ne ba sadaki."

"Baba, ni fa a makaranta na karanta aikin nan."

"Allah Ya ba da sa'a. Ni a kan bango na karanta. Ka nemi mai shafa maka, hannuna ba ya ciki."

Ya karkaɗe rigarsa ya tafi. Na kawo masu filasta suka shafe ɗakin tas, har ƙasan suka malale. Ya fito fari fat, na tsaya a titi ina kallonsa ina jin daɗi. Na aika Ummanku ta ce wa Inna ɗaki ya kammala. Inna ta zo da sandarta, ta tsaya a bakin ƙofa, ta shaƙi iskar ciki, ta shafa bangon da tafin hannu. Ba ta shiga ba.

"'Yar nan, ki ce wa mutumin ofis an gode. Amma wannan ai gwangwanin ne aka sake, sai dai an yi masa ciki da ƙasa."

Ta koma gindin mangwaro. Ƙunshi yana nan inda yake. Damina ta sauka, kuma cikin 'yan makonni ɗakin ya fara wari irin na rijiyar da aka daɗe ba a buɗe ba, fentin ciki yana kumbura. In na ƙwanƙwasa bangon waje sai in ji yana amsawa kamar ganga. Na san ma'anar wannan sarai, amma na ce wa kaina zai kai suna. Aka haife ka cikin marka, ruwa ba dare ba rana. Inna ta yi maka wankan farko, ta kuma aika wa wani direban garinmu cewa ya biyo ta nan washegarin suna.

Ranar suna aka wayi gari ruwa ya ɗauke, rana ta fito. Aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, aka yi addu'a, aka raɗa suna, aka raba goro. 'Yan ofis sun zo cikin manyan riguna. Baba Gambo ma ya zo, ya zauna can nesa da soron, na lura har ya ja Malam Yohanna ya matsar da shi. Shugabanmu ya tashi ya nufi ɗakin yana gyaɗa kai, ya ce ashe sharri ake min, ai wannan gini ne na zamani. Ya ɗaga sandarsa ya ɗan ƙwanƙwasa bangon don yabo, sau biyu kawai. Sai muka ji wani ƙara kamar ana yage sabon yadi. Simintin fuskar ɗakin gaba ɗaya ya saki, ya tsaya jim kamar yana shawara, sannan ya kwanto ƙasa rim. Allah Ya tsare, babu wanda ya taɓa, sai takalman jama'a da ya binne da farantin goro. Shugabanmu ya yi tsalle irin wanda ban taɓa zaton mai tumbi zai iya ba. Ga jan bango ya bayyana tsirara, jiƙe sharkaf, amma ko gezau bai yi ba. Sai muryar Baba Gambo daga baya, a hankali, yana ɓare goro.

"Kayan aro dai ba ya rufe katara."

Aka fashe da dariya, har da liman. Ni kuwa na rasa inda zan sa kaina, da ƙasa za ta tsage da na shige. Ana cikin haka sai na jiyo wata dariya daga cikin gida, ta bayan katanga, wata irin dariya mai tari-tari da na sani tun ina yaro. Inna ce. Mata sun ba ta labari, tana dariya har tana buga sanda a ƙasa. Tun rasuwar kakanku ban ji ta yi dariya ba. Wallahi sai na ji kunyar ta sauka daga kaina, na tarar ni ma ina dariya. Na tuɓe babbar rigata a gaban shugabanmu da kowa, na je na durƙusa gaban Baba Gambo na ce na tuba, ya gaya min abin da za a yi. Ya ce a ɓamɓare sauran tun yau, a buɗe tagogi, a jingina zana ta gefen da ruwa yake bugowa, yaɓe kuma sai damina ta ja baya. Malam Yohanna ya kawo guduma, wasu daga cikin 'yan ofis ma suka naɗe hannun riga, don ɓarna daɗi gare ta. Kafin a kawo waina mun tuɓe ɗakin ciki da waje.

Washegari direba ya zo ya tsaya a ƙofar gida yana danna ham. Ina tsaye a tsakar gida, ba ni da bakin roƙo bayan abin da na yi. Inna ta fito ta kalli soron, ta daɗe tana kallo. Sannan ta juya wajen Ummanku.

"'Yar nan, ki sallami mai motar nan. Ba na tafi in bar ɗaki tsirara ba, sai na ga an yi masa sutura. In an gama sai ya dawo."

Wata biyu na samu ke nan, ba ƙari. Na riƙe su da hannu biyu. Kullum na dawo daga ofis sai in shiga in shafa bango in ji ko ya bushe. Na bi ƙauyuka a kan babur ina neman ɓawon ɗorawa, na dawo da buhuna biyu a baya kamar ɗan kasuwar ƙauye, 'yan unguwa suna min sannu da zuwa Injiniya. Da ruwa ya ɗauke, a makon da kowa yake manne da rediyo ana ta maganar miƙa mulki, mu muna ƙofar gida muna kwaɓa. Baba Gambo ya ce in ina son tubana ya karɓu sai na shiga kwaɓin da ƙafata. Na naɗe wando na shiga. Ya yi yaɓensa da tafin hannu, har yau in kun duba ta ciki za ku ga sawun yatsu a jere. Daɓen ƙasan kuwa Inna ta ce na mata ne, ba ruwan maza. Ta tara matan unguwa, Maman Ladi a gaba, suka wuni suna bugu suna waƙa, ita tana zaune a kujera tana nuna inda bai ji ba da bakin sanda. A gurbin darbejiyar da na sare na fasa siminti na dasa wata, ita ce wannan da kuke ajiye motocinku a ƙarƙashinta.

Ranar da daɓe ya bushe, zafin nan na ƙarshen damina ya tsananta, irin wanda ko kaza ba ta yawo. Bayan azahar Inna ta ce wa Ummanku ta ɗauko mata ƙunshinta. Na ji lokacin da ta faɗa, sai na ce shi ke nan, an yi wa ɗaki sutura, za a kira direba. Ummanku ta ɗauko, Inna ta nuna mata soro da sanda. Suka shiga. Ni na tsaya a waje cikin rana, daga gefe, ina leƙe kamar ɓarawo. Ta zauna a kan daɓen ta miƙe ƙafafu, tana sauraron ɗakin. Sannan ta jawo ƙunshin ta fara kwance ƙullin da haƙori, don ya daɗe a ɗaure ya ƙi hannu. Ta fito da tasoshinta, da mazarinta na kaɗi, da carbin kakanku, da buzun sallarsa, tana jera su a gindin bango ɗaya bayan ɗaya. Da ta gama ta karkaɗe baƙin zanen ta miƙa wa Ummanku ta ce a rataya a ƙofa. Sai ta ɗago kai. Ba bango ta kalla ba, ni ta kalla.

"Kai kuma, shigo daga cikin ranar nan mana."

Ina da shekara talatin da uku a duniya, ranar ce uwata ta fara ce min "kai". Na cire takalmi na shiga na zauna a gefen ƙofa. Sanyin ɗakin ya sauko min kamar an ɗora min randa a ƙirji, ga ƙanshin ƙasa da makuba. Hawaye kawai nake yi ina goge su da hula, Ummanku kuma ta yi kamar tana gyara labule. Daga ranar ta koma wa alkunyarta, na koma mutumin ofis har ƙarshen rayuwarta. Amma ni wannan guda ɗayar ta ishe ni.

Shekara goma sha ɗaya ta yi a soron nan, a cikinsa ta goye ku duka, a cikinsa ta cika. Abin da na biya kuwa ba na ɓoye muku. Mota ta zo daga baya ta yi shekaru tana kwana a waje, rana ta cinye mata fenti. Sunan Injiniyan Taɓo ya bi ni har ritaya. Da aka zo zanen sababbin rukunin gidaje na ce a bar bishiyoyi, a rage gilashin yamma, a yi tsakar gida da ƙasa don ruwa ya samu wurin shiga, sai aka yi dariya aka ce a tambayi bangona. Ba a ƙara sa ni a babban aiki ba. Yanzu ga shi unguwa duk ta zama siminti, ruwan awa ɗaya sai titi ya koma kogi, in an ɗauke wuta kuma ku da 'ya'yanku duk soron nan kuke tsere wa junanku, kuna cewa kun zo gaishe ni. Ina gane ku sarai.

To Nasiru, ga amsar takardarka. Gida naku ne, ban hana ku shaguna ba, ga sauran bangon titi can ku fasa, na ma yi maka gyaran zanen a bayan takardar, shaguna uku za su fita ba tare da an taɓa ɗakin ko darbejiya ba. Abin da soron yake nema a wurinku bai wuce yaɓe ba duk shekara kafin ruwa ya sauka, kuma da hannu ake yi, jikan Baba Gambo yana nan a Ƙauyen Alu ya gaji aikin. In kuwa kun dage sai shago na huɗu, ba zan yi jayayya da ku ba, ni ɗan Inna ne. Baƙin zanen nan da yake rataye a ƙofa na sauke shi jiya, na ƙunshe kayana a ciki, na ajiye a bakin ƙofa daga ciki. Ummanku ta gani ta yi dariya har ta zauna, ta ce in akwai saƙo in ba ta ta kai muku. Na ce a'a, ni na iya cewa "kai". Kai nake jira ka zo ka kwance shi.